Ƙafar Hagun Tela

Tela, Allah ya jiƙansa, bai taso da gudu ba. Tun yana saurayi yake zaune bayan keken ɗinki, a wani ɗan shago mai taga ɗaya, tsakanin mai aski da mai sayar da fenti. Ƙafar dama tana kan feda, ta hagu kuma a naɗe ƙarƙashin kujera kamar mage mai barci. Haka ya koyi aikin, haka ya yi furfura a cikinsa.

Ta tagar nan ana hango tudun da ke bayan gari, da titin da ya hau shi yana lanƙwasa, da tankin ruwa can a ƙoli. Direbobi sun ce akwai tafki a bayan tudun. Tela bai taɓa ganinsa ba, amma yakan yi mafarkinsa ido biyu, allura na tafiya: ruwa a shimfiɗe kamar shuɗin yadi da almakashi bai taɓa ba.

Da likita ya ce masa jininsa ya hau, kuma zaman nan ne zai ga bayansa, sai ya je gwanjo ya sayo takalman gudu. Gudunsa na farko bai wuce ƙarshen layi ba. Mai aski, amininsa tun ƙuruciya, ya same shi zaune bakin kwata yana haki.

"Dogo, wa ya biyo ka?"

"Likita."

"To, da alama ya kama ka."

Washegari ma ya fita. A hankali ƙarshen layi ya zama bakin gada, bakin gada ya zama layin dogo. Yakan ce idan gari na wayewa titi yakan yi laushi, gidaje su riƙa wucewa kamar su ne ke tafiya, shi yana tsaye. Daga baya ya karɓi tsohon keken hawa na ƙanensa, ya sa masa sabuwar sarƙa. A nan ne ya ɗauki alkawari: zai hau tudun nan da keke ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba, kuma ba zai ga tafkin ba sai ranar.

Mai aski ya ce, "Hau babur ɗina in kai ka, kafin shayi ya huce mun dawo."

"Tafkin da aka kai ni a goye ai ba nawa ba ne."

Tudun kuwa ya ƙi. Akwai wata kwana da gawar tsohuwar mota take kwance a gefe. Kullum nan yake sauka, ya juyo gida yana wa motar sallama kamar maƙwabciya. Ya canza taya, ya ɗaga sirdi, ya rage tumbi. Kwanar tana nan.

Wata rana ya ɗinka wa kansa gajeren wando na hawan keke. Da ya sa, ƙafa ɗaya ta matse, ɗaya tana lilo. Ransa ya ɓaci, shi da bai taɓa kuskuren yanka ba. Ya warware, ya auna yadin, ya sake ɗinkewa. Haka dai. Matarsa tana ninke wanki, tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Baban yara, bar wandon nan ya huta. Ƙafafun naka ne ba 'yan uwa ɗaya ba."

Ya ɗauko tef ya auna kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ta dama ta cika kamar ta ɗan dako, ta hagu kuwa siririya, kamar aro ya yi. Ya zauna bakin gado yana dariya har da hawaye. Ashe duk tsawon shekarun nan ɗaya ce ke ciyar da gida, ɗayar tana barci, kuma haka suka tafi da halinsu kan titi.

Daga ranar ya naɗe ta dama ƙarƙashin kujera, ya ɗora ta hagu kan feda. Wayyo, aiki ya ga ta kansa. Keken ɗinkin ya riƙa juyawa baya, zare na tsinkewa, ɗinki na yawo. Da masu kaya suka fara ƙorafi, sai ya mayar wa ta dama aikinsu, ya ware wa ta hagu yamma da ƙyallaye. Cikakkiyar rigar da ta hagun ta fara ɗinkawa, ya ba mai aski ita. Layin gabanta ya tafi yana lanƙwasa kamar titin tudu.

"Wannan riga ce ko taswira?"

"Saka dai, Sarkin Surutu. Almajira ce ta ɗinka, a yi mata uzuri."

Sai da rani ya wuce, damina ta zauna, ɗinkin ya miƙe. Wata safiya bayan an ɗauke ruwa ya buga wa mai aski ƙofa ya ce, "Yau."

Mai aski ya bi shi a baya da babur, a hankali. Titi na tururi, ƙasa na ƙamshi. Suka iso kwanar, Tela ya ɗaga wa tsohuwar mota hannu ya wuce. Sai da tanki ya zo kusa, har ana jin ɗigar ruwansa, jijiyar ƙafar dama ta ɗaure. Wadda aka dogara da ita! Keken ya yi tangaɗi. Mai aski ya buɗe baki zai ce ya sauka, sai ya ji Tela yana magana ƙasa-ƙasa, yadda ake lallashin yaro: "Taso, 'yar auta. Yau ranarki ce."

Ta hagu ta danna. Ta sake dannawa. Keken ya riƙa hawa da ɗingishi, har titin ya kwanta.

Tafkin yana can ƙasa, hazo ya rufe rabinsa, fararen tsuntsaye suna tsaye a kai kamar an jera fil. Bai kai shuɗin mafarkinsa ba, amma ya fi shi faɗi. Tela ya dafa ƙarfen tanki da hannu, ya daɗe bai sauka ba. Da zai sauka, ta hagu ya fara ajiyewa.

Ya so ya zagaye tafkin da gudu idan damina ta dawo. Ba ta same shi ba. Ciwon bai ɗauki lokaci ba. A gadon asibiti, idonsa a rufe, mai aski ya ga ƙafar hagu tana motsi ƙarƙashin mayafi, sama da ƙasa, a natse, kamar mai hawan wani tudu da shi kaɗai yake gani.

Shagon yanzu na wani ne. Mai aski yana nan da rigarsa, wuyanta har ya fara cinyewa. Sabon telan ya ce ya kawo a miƙe masa layin gaban, ba sai ya biya ba. Mai aski ya shafa ɗinkin da yatsa tun daga ƙasa har wuya, ya ce a bar shi haka.