Audugar da Na Toshe Kunnena da Ita

Ni ne na fara kawo lasifika ƙauyenmu, kusa da Sheme, a shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa kowa ya sayi rediyo da keke. Ƙaho biyu ne, da akwatin da ake murɗa ƙara, da batirin mota. Duk inda ake biki ko suna, daga Faskari har Pauwa, makaɗa sukan aiko a kira ni. Girman nan ya shiga kaina fiye da kima.

Ban yi shekara ba kunnena ya fara ƙugi, kamar zuma sun yi gida a ciki. Ban gaya wa kowa ba. Sai na riƙa ɗibar audugar gonarmu, in cire angurya, in cusa a kunne, in ja hula ta rufe. Da zarar na toshe sai in ji kiɗan ya yi ƙasa, sai in ƙara murɗawa. Ni na samu sauƙi, jama'a suka ɗauki nauyin.

Wata ranar kasuwa bayan kaka, mahauta suka shirya wasan kalangu a Sheme. Matata tana jego, ɗiyarmu ta fari mai shekara uku ta maƙale mini tana kuka, sai na ɗora ta a keke muka tafi. Igiyar lasifikar ta gaza tsawo, don haka na ɗaure ƙaho ɗaya a reshen ɗorawa na ƙasa, bakinsa ya sunkuyo. A gindin ɗorawar nan na shimfiɗa mata tabarma, don nan ne kawai inuwa.

Da la'asar wasa ya yi zafi. Tsohon da ke jagorantar makaɗan ya matso har bakin kunnena.

"Kai mai lasifika, so kake ka kurmantar da mu? Rage!"

"Baba, tsufa ne ke damunka," na ce, ina dariya. Na ƙara murɗawa don samari su yi mini ihu, suka kuwa yi.

Wata mai fura ta yi ta nuna mini gindin itacen. Na waiwaya na ga yarinyar ta dafe kunnuwa da hannu biyu, bakinta a buɗe. Ban ji kukanta ba. Na ɗauka yunwa ce, na aika mata ƙosai, na koma kan akwatina. Sai da aka tashi na kwance ƙahon, na ga saitin kanta yake. A nan na fara gane abin da na yi.

Kashegari uwarta ta kira ta sau uku daga bakin ɗaki, ba ta juyo ba.

"Malam, mi ya samu ɗiyar nan?"

"Kishin ƙani ne," na ce. "Rabu da ita."

Mahaifiyata ta ce iska ce, ai ba a kwantar da yaro gindin ɗorawa. Aka yi hayaƙi, aka karɓo rubutu, ni da kaina na ba ta ta sha, ina sane. Idan tsakar gida ba kowa sai in laɓaɓa bayanta in saki kwano a ƙasa. Kaji su watse, jaririn ya farka, ita tana nan tana wasa da ƙasa. Na yi haka ya fi sau goma. A sallah sai in rasa raka'a ta nawa nake, ina tunanin yarinyar da za ta girma ba ta san muryar uwarta ba, ina kuma tsoron ranar da za a gane.

Rana ta tara matata ta zo wanke rigata, ta zaro dunƙulen auduga biyu daga aljihu, duk sun yi dauɗar kunne.

"Wagga fa ta mi ce?"

Na so in ce ciwon kunne nake, har ƙaryar ta zo bakina. Amma yarinyar tana zaune a gabanmu, ta ba mu baya. Na faɗi komai, har da ƙosan.

Matata ba ta ɗaga murya ba. Ta daɗe tana kallon audugar a tafin hannunta.

"Ashe ka san da zafi," ta ce. "Ka toshe naka."

A ranar muka hau motar Kankara. Malamin asibiti ya leƙa kunnuwan da ƴar fitila, ya koma bayanta ya tafa hannu ta dama. Shiru. Ya tafa ta hagu, ta ɗan karkato kai, uwarta ta fashe da kuka. Ya ce na hagu zai dawo in Allah ya so, na dama kuwa kada mu sa rai, ya kuma tambayi dalilin da ya sa muka yi jinkiri. Na ɗauki yarinyar muka fito.

Haka aka yi. Na hagu ya dawo, na dama bai dawo ba. Ƙahon ya ƙare a matsayin mazubin dusar awaki.

Yanzu ita ma tana da jikoki. Da ta yi hankali na gaya mata, ta ce ta yafe. Amma duk sanda na je gidanta sai ta gyara mini tabarma ta hagunta, ta karkato kai ta ce, "Baba, mi ka ce?" Ni ma yanzu da ƙyar nake jin ta.