Jahanara Apa, mai bin sawun fayilolin da aka goge

Kullum ƙarfe takwas da rabi Jahanara Apa, wato Yaya Jahanara, ke sauka daga keke a bakin ofishinmu da ke unguwar Karwan Bazar, ta hau bene na huɗu, ta zuba shayi, ta buɗe jerin sunayen fayilolin nan nata. Kamfaninmu na rubuta manhajar da asibitoci ke auna maganin yara da ita. Kafin a fitar da sabon aiki, kwamfuta kan bi jerin sunayen fayilolin gwaji ɗaya bayan ɗaya. In an goge fayil alhali sunansa na nan, sai ta tsallake shi shiru ta ce komai lafiya. Aikin Apa shi ne kada a yi haka. Shekara goma sha tara ke nan, ranar Alhamis za ta ajiye aikin.

Abin da ke ba mutane haushi, ba ta cire suna sai ta taka har teburin wanda ya goge fayil ɗin ta ji dalili daga bakinsa. Har laƙabi aka sa mata, wai mai wankan gawa. Ko a jikinta.

Bara, saura awa biyu a miƙa wa wani asibiti aiki, ta tsaya a kan Touhid, babban mai rubuta manhajarmu, ta tambaye shi ina fayil ɗin gwajin jarirai 'yan ƙasa da kilo biyu. Ya ce tsohon tarkace ne, ya share.

"Apa, don Allah cire sunan mu wuce. Ko sai kin yi masa salla?"

"Zan cire, Touhid. Dawo da shi ya yi aiki sau ɗaya a gabana."

Ya dawo da shi yana tsaki. Gwajin ya faɗi warwas: ashe lissafin na ba bakwaini ninki biyu na magani. Aka ɗage aikin kwana uku, manaja ya yi ta faɗa, ba wanda ya ce mata sannu. Ni ma ban ce ba, kuma har yau ina jin kunya.

Ke ce ba ki taɓa yin aikin da ake nuna wa baƙi ba, Apa. Ke ce mai tambayar da kowa ke gudu. Mun gode, Allah ya saka. Wanda zai gaji kujerar kuma, ya daure ya riƙa tashi yana tambaya, ko da za a yi masa tsaki. Akwai uwar da ba ta san sunan Jahanara ba, ba kuma za ta taɓa sani ba. Ta dai koma gida da jaririnta a hannu.