Lallen da ya ɓoye mini ciwo

Salamu alaikum. Wata biyar kun daina ganina a nan. Ina raye, gajiya ce ta hana ni rubutu.

Kun san mijina, Malam, yana karatu a Maroko. Bara na bar Ƙaura na kai masa ziyara, ƙafafuna ɗauke da baƙin lallen da Inna, mahaifiyata, ta sa aka yi mini.

A littattafan da nake karantawa, dusar ƙanƙara takan zubo wa masoya a hankali. Na dami Malam sai ya kai ni na gani. Aka ce ta fara sauka a kan wani dogon dutse, muka bi masu hawa.

Azahar ta same mu a tsakiyar hawan. Na cire safa, na yi alwala da ruwan da ke gangarowa, na mayar da ita a jiƙaƙƙiyar ƙafa. Tun farko Malam ya ce, "Ki yi shafa a kan safar kawai mana." Na ƙi.

Da farko zafi. Daga baya na daina jin yatsuna, har na yi murna.

Da muka sauko na ga sun yi duhu. Na ce lalle ne. Kwana uku ina cewa lalle ne, ina gasa su da ruwan zafi kamar yadda muke yi a gida.

A asibiti likita ta goga auduga, ta ce, "Wannan ado ne. Wannan kuma naman ya mutu."

Allura, hoton ƙafa, wankin ciwo kowace safiya. Na ji tsoron a yanke ƙafar duka. Sai da lallen ya koɗe suka ga iyakar ɓarnar. Yatsu biyu aka cire.

Inna ta kira daga Shinkafi tana kuka, tana faɗa: "Ke ɗiyar nan, mi ya kai ki bisa dutsi? Na Kwatarkwashi bai ishe ki kallo ba?"

Yanzu ina gida, ina takawa ba sanda. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Malam, bai taɓa ce mini "ai na gaya miki" ba.

'Yan uwa, in za ku ƙasar sanyi, ku je da ƙafa ba lalle. Kada ku jiƙa ta a cikin ƙanƙara. In yatsa ya daina ji, ku tafi asibiti a ranar.

Jiya Inna ta zauna ƙunsa mini lalle. Ta kai gurbin yatsu biyun nan. Sai ta shafa musu nasu.