Baba Kashe-Tukuna Ya Ajiye Jaka

Da hantsi za ka gan shi, jaka a kafaɗa, sukudireba a aljihun gaba, yana bin layinmu gida-gida. Ba ya jira a kira shi. Zai yi sallama, ya sunsuna soket, ya bi waya da ido, ya ɗora bayan hannu a jikin mita. Kana miƙa hannu za ka taɓa wani abu sai ya ce, "Kashe tukuna!" Haka sunan ya bi shi, har matarsa da shi take kiransa.

A watan nan ya ajiye aiki, ido ya yi rauni. Shi ya sa zan faɗi abin da na gani ranar da na je gai da yayata.

Wanki take yi, jaririnta na barci a ɗaki. Baba ya shigo dubawa kamar kullum, sai ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"'Yata, me ke ƙauri?"

"Girkin maƙwabta ne, Baba. Kai dai hancinka ba ya hutu."

Bai yi dariya ba. Ya ja kabad gefe, ya taɓa bango, ya janye hannu da sauri. Siririn hayaƙi ne ke fita daga soket ɗin da aka jona wa firji da dutsen guga, dab da katifar yaron. Sai tartsatsi. Yayata ta ƙwalla ƙara, ta zabura za ta fizge wayar, hannunta sharkaf da ruwan sabulu.

Baba ya tare ta da kafaɗa har ta faɗi zaune. "Kar ki taɓa! Ɗauki ɗanki ki fita!"

Ta suri yaron ta fita. Shi kuwa, tsoho mai ciwon gwiwa, ya ruga ya kashe wutar gidan daga mita. Kafin ya dawo labule ya kama da wuta; ya fizgo shi ya tattake. Da ya kwance soket ɗin, wayoyin sun narke sun manne. Sai da ya gama sauya su muka lura tafin hannunsa ya yi bororo.

Baba, kai ne mai tare kuka tun bai shigo gida ba. Gobarar da ka hana tashi ba wanda ya san yawanta, shi ya sa ba a taɓa yi maka tafi ba. Mun gode, Allah ya saka maka da aljanna.

Saura mu. Wanda ya ga bakin soket ɗinsa ya yi baƙi, kar ya bari 'ya'yansa su kwana a ɗakin bai kira mai gyara ba.