Hannu a Kafaɗar Dama

Ina da shekara goma sha bakwai na kayar da wata mata daga kan babur a gadar Akpakpa, cikin birnin Kwatano. Ba mota ce ta buge mu ba, ban kuma faɗa rami ba. Kafaɗata ta taɓa don in tsaya.

A lokacin ni ɗan zemijan ne, mai ɗaukar fasinja a babur. Shekarun ne da ƙasa ta koma siyasar jam'iyyu, kowa na maganar 'yanci amma aiki babu, duk saurayin da ya samu babur sai ya sa riga ruwan ɗorawa ya hau titi. Ban yi lakwal ba, wato karatun boko. A unguwar Zango na tashi, a hannun kawuna, bayan rasuwar mahaifina. Kawu yana sayar da kayan gyaran mota, kuma mutum ne da ba ya ɗaga murya. In zai doke ni ba ya kira na. Ta baya yake zuwa ba takalmi, ya damƙi kafaɗata ta dama, sai bel ɗin injin mota ya sauka. Wata rana na san laifina, wata rana ban sani ba. Tun ina ƙarami na daina kuka, maƙwabta suna yaba mini, wai ina da zuciyar maza.

Da na fara balaga abin ya fito. Murya ta buɗe, barci ya ƙi, ƙaramar magana sai in ji kamar in fasa wani abu. Ba na zama sai bayana na jingine da bango. Ko a masallaci sahun ƙarshe nake tsayawa. Matar kawu ta ce iska ce, aka yi mini hayaƙi, aka ba ni rubutu na sha. Da wannan jikin na hau babur, alhali kowa ya san a Kwatano ƙarar injin ba ta barin a ji magana, fasinja kafaɗa yake taɓawa. Kullum ina cije haƙori ina wucewa. Ran nan matar nan, mai tumatir ce da daro a cinya, ta ga mun kusa wuce inda za ta sauka, ta damƙe ni da ƙarfi a daidai wurin. Idona ya rufe, na murɗe jiki, muka zube. Hannunta ya karye. Tana kuka tana tambayata ko ni mahaukaci ne, ni ma a raina haka na ɗauka. Mai babur ɗin, don ba nawa ba ne, ya ce in aka sake, zai karɓi makullinsa, kuma ba wanda zai ƙara ba ni.

A dispanse, ƙaramin asibiti, wata dattijuwa ma'aikaciyar jinya ta zo wanke mini raunin da na ji a baya. Tana ɗora hannu a kafaɗata na tsinci kaina a bakin ƙofa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in dawo in zauna, ɗana, sannan ta tambaye ni wa yake kama ni a wurin. Ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba. Na faɗa mata. Ta ce yaron da ya tashi cikin tsoro, ƙwaƙwalwarsa gadi take koya, kuma lokacin balaga ƙwaƙwalwa sake gina kanta take yi a kan abin da ta tarar. Ta ce ba hauka ba ne, kuma tunda ginin bai ƙare ba, ana iya koya mata wani abu dabam, sannu a hankali, in kuma riƙa dawowa muna magana.

Na bar gidan kawu. Duk fasinjan da zai hau, sai na gaya masa ya yi magana da ƙarfi, kada ya taɓa ni. 'Yan uwana masu babur suka sa mini suna amarya, wai jikina ba a taɓawa sai an biya sadaki. Na bar su. Ranakun Juma'a da la'asar ni da wani abokina muke zuwa bakin teku a Fidjrossè, inda in an faɗi yashi ne. Ya hau bayana, ya faɗa mini kafin ya taɓa, daga baya ya daina faɗa. Mun sha faɗuwa, yana zagina yana kakkaɓe yashi yana sake hawa. Matar tumatir kuwa, na yi ta kai mata kaya kasuwa har hannunta ya warke.

Abin da zan ce wa masu riƙon yara kaɗan ne. Yaron da ya daina kuka ba warkewa ya yi ba. In ya fara balaga ya canza, kafin ku kawo garwashin hayaƙi ku zaunar da shi ku tambaye shi me aka yi masa.

Yanzu ina da rumfar gyaran babur a Gbégamey, da mata da 'ya'ya, kuma ba na zuwar wa ɗana ta baya. Kawu ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ni nake kai shi dispanse. In ya hau, kafaɗar dama yake riƙewa. Ina jin hannun, babur ɗin kuma ba ya karkacewa.