Direban Hanyar Gidan Yari

A tasha ba mai kiransa da sunan yanka. Sannu-Sannu ake ce masa, don ko sama za ta faɗo ba ya wuce gudun da ya saba. Abokan aikinsa kan ce in ka shiga bas ɗinsa da ɗanyen ƙwai a aljihu, kafin ku isa ya ƙyanƙyashe. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Ku yi gaba, ina nan tafe."

Su biyu ne suka rayu a cikin 'ya'yan Inna, shi da ƙanensa Auta. Auta ba mugu ba ne, sai kunnen ƙashi da bin abokai. Wata rana ya bi wasu suka fasa shagon wayoyi, aka kama su, aka sami wuƙa a jikin ɗaya daga cikinsu. A lokacin doka ta yi tsauri. Duk satar da aka shiga da makami, kowa a ƙungiyar ɗauri mai tsawo zai sha, ko ya taɓa makamin ko bai taɓa ba. Alƙalin da bakinsa ya ce ya ga yarinta a fuskar Auta, amma doka ba ta bar masa zaɓi ba.

Da farko a tsohon gidan yarin cikin gari aka ajiye shi, inda Inna kan taka da ƙafarta. Daga baya aka gina sabo can bayan gari, gaba da inda ake fasa duwatsu, aka kwashe su duka. Motar haya ba ta zuwa wurin, iyakarta mararraba. Asabar ɗin farko da Sannu-Sannu ya ɗauki Inna zuwa ziyara, sai ya tarar da mata jere a gefen hanya, wata da goyo, wata da kula a ka, wata tsohuwa tana dogara sanda, rana tana dukansu. Ya taka birki ya leƙo.

"Bayin Allah, inda za mu za ku?"

Suka sunkuyar da kai don kunya. Inna ce ta tura ƙofa ta ce, "Ku shigo mana. Nawa ɗan ma yana can."

Tun daga ranar Asabar ta zama tasu. Mai hali ta taimaka da na mai, marar hali ta shiga ta zauna. Matarsa ta yi ƙorafi da farko, ta ce ranar ciniki sukutum yake kyautarwa. Ba a jima ba ita ce ke cika masa jarkoki da ruwan sanyi saboda yara.

Ya haddace dokokin ƙofar gidan yarin, yana karanta wa sababbi a hanya. Kada a zo da kwalba, kada a manta katin shaida, abincin da kika kawo sai kin ɗanɗana a gaban gandiroba. Dokokin nan kuwa ba sa zama wuri ɗaya. Yau a ce an hana dafaffen abinci, gobe a ce an rage lokacin ganawa. Duk abin da ya canja shi ke fara ji, ya bi gida gida ya faɗa, don kada wata ta yi wahalar banza. A motarsa doka ɗaya ce: ba a tambayar kowa me nata ya yi. In an juyo gida kuma sai ya ƙure rediyo, don mai son kuka ta yi abinta ba wanda ya ji.

A rediyon nan ne suka ji labari wata Asabar. Majalisa ta yi gyara: masu laifin farko da suka ci rabin wa'adinsu, da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare, za a sake su bisa sharaɗi. Mota ta kaure da ihu, har sai da ya tsaya a gefen hanya. Inna ta koma gida ta share ɗakin Auta, ta wanke zannuwan gado, ta sa aka yi wa bango fenti.

Sannu-Sannu dai ya ce bari ya tabbatar. Ya je wurin wata lauya mai taimakon fursunoni. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta cire tabarau ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Gyaran bai haɗa da laifin da aka shiga da makami ba. Na san ba shi ya riƙe wuƙar ba, amma haka suka rubuta."

Ya tarar da Inna a kan kujera tana rataya labule. Ya riƙe mata kujerar har ta sauko, sannan ya durƙusa ya faɗa mata. Ta daɗe tana kallon labulen.

"To," in ji ta. "Allah bai yi ba tukuna."

Ranar da za a saki mutane, da sassafe ya wanke mota ciki da waje. Matarsa ta ce, "Yau ma za ka? Ka tausaya wa zuciyarka mana." Ya ce, "In ban je ba wa zai kwaso su? Da ƙafa za su fara sabuwar rayuwa?" Yana tayar da mota sai ga Inna ta fito da mayafinta na fita unguwa.

"Inna, na ce miki fa ba ya ciki."

"Kunnena ƙalau. 'Ya'yan mutane zan je gani."

Aka buɗe ƙofa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ledarsa. Matan da ya yi shekara da shekaru yana ɗauka suka ruga, wasu na kuka. Sannu-Sannu ya tsaya bakin mota yana karɓar kaya, yana yi wa kowa barka.

Na ƙarshen shigowa wani tsoho ne mai furfura, rungume da akwatin katako. Baba Kafinta ake ce masa, shi ke koya wa fursunoni sassaƙa, har da Auta. Ba wanda ya zo tarbarsa. Aka bi unguwa unguwa ana sauke mutane har mota ta koma wayam, tsohon yana nan a kujerar baya.

"Baba, ina zan sauke ka?"

"Duk inda ya yi maka sauƙi, ɗana. Matata ta rasu ina ciki. Gidan ma na ji an rushe shi."

Sannu-Sannu ya dubi Inna. "Inna, ɗakin nan..."

"Me kake jira?" in ji ta. "Da can don gizo-gizo na share shi?"

Abin da ya dame shi kawai shi ne yadda Auta zai ɗauki maganar, a ce yana ciki an ba wani gadonsa. Ranar ziyara ya yi ta kwana-kwana kafin ya faɗa. Auta ya sunkuyar da kai, ya share ido da bayan hannu, sai kuma ya tuntsire da dariya.

"Yaya, kun ɗebo ruwan dafa kanku. Tsohon nan minsharinsa ya fi injin niƙa. Amma ku riƙe shi da kyau, shi ya riƙe ni a nan."

Suka riƙe shi kuwa. Watannin farko ba ya iya fita tsakar gida sai ya tsaya bakin ƙofa yana jiran a ba shi izini, har sai da yaran gidan suka riƙa jan hannunsa. Sharaɗin sakinsa shi ne ya riƙa kai kansa ofishin hukuma duk wata, Sannu-Sannu ke kai shi ya jira shi a waje. Tsohon ya gyara kujerun motar duka, ya yi wa Inna kujera mai jingina.

Baba Kafinta bai ga fitowar Auta ba. Ya rasu a ɗakin, bayan ya bar wasiyyar a ba Auta akwatinsa, zarto da guduma da duk abin da ke ciki. Auta ya cika wa'adinsa cif, ya fito da furfura a gemu, ya tarar da Inna da ranta. Da kayan tsohon ya kafa rumfa a bakin titi, yanzu har makarantu ke ba shi aikin bencina.