Sojan Cikin Tele da Ɗan Gwaggona

Assalamu alaikum, mai girma edita da ƴan'uwa masu karatu. A shekarar da abin nan ya faru ni budurwa ce da ta gama jami'a a Damagaram, na dawo gidanmu a Gure da takardar lisans, ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, kafin gwamnati ta ɗauke ni aiki. Ni mutum ce mai tsoron kuskure tun ina ƙarama. Ko hadari ya haɗo baƙi ƙirin, in an tambaye ni ko za a yi ruwa, sai in ce mai yiwuwa ne. A jami'a an ƙara mini wannan hali, domin an koya mana kada mu yanke magana sai da hujja, ni kuwa na riƙe darasin fiye da yadda malaman suka nufa. Ɗan gwaggona, wanda abokin wasana ne kuma soja, yakan tsokane ni ya ce malamar nan ko sunanta aka tambaya sai ta duba takarda kafin ta amsa.

Shi wannan ɗan gwaggon nawa shi kaɗai ne namiji a wurin uwarsa. An tura su gabas, yankin da ake fama da masu ɗauke da makamai, ya bar matarsa, wata yarinya mai kunya ƴar Bune, da ƴarsu ƙarama a hannun Gwaggo. Bayan damina labari ya zo daga barikinsu cewa an tare motocinsu a hanya, an rasa wasu, kuma yana cikin waɗanda ba a gani ba. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Gidan Gwaggo katanga ɗaya ce tsakaninsa da namu, muna jin shirun da ya sauka a cikinsa.

A wannan lokacin ne wata tasha ta fara nuna wasan yaƙi kashi kashi, sau ɗaya a mako, bayan sallar magariba. Gidanmu ne mai tele da parabol, farantin nan mai kamo tashoshi, a layin, ga batir na hasken rana in kuran, wato lantarki, ya ɗauke, don haka maƙwabta sukan cika tsakar gida, mata a kan tabarmi, maza ƴan kaɗan a kan benci wajen ƙofa. Labarin wani soja ne da abokan gaba suka kama, kowa ya ɗauka ya mutu, amma ƴan'uwansa sojoji suka rantse sai sun ɗauko shi. Da Faransanci ake maganar, ni ce tafinta, ina juyawa da Hausa, in ƙara da Barbarci saboda tsofaffi. Na ɗauki aikin da muhimmanci ƙwarai, ban yarda in tsallake ko kalma ɗaya ba. A farkon kowane kashi akan rubuta cewa an gina wasan a kan labarin da ya faru da gaske, ni kuma kullum sai na karanta musu wannan ma, a gajarce, in ce an ce labarin gaskiya ne. Ina ganin daga nan ne ɓarnar ta soma, ko da yake a lokacin ban lura ba.

Ni ce na je na jawo Gwaggo zuwa kallon, da nufin ta rage tunani. Mutanen layinmu kuwa ba kallo kawai suke yi ba, shiga suke cikin yaƙin. Wata mai ƙosai takan yi wa sojan ihu ya duba bayansa, ta ce wannan yaro kurma ne, ita ta gaji da yi masa gargaɗi. Wata ta yi alkawarin sadakar masa, wato waina, in an cece shi. Maza suna gardama kan ko kyaftin ɗin da yake jagorantar masu nemansa jarumi ne ko mahaukaci. Akwai wani tsohon soja maƙwabcinmu da ya zo sau biyu ko uku, ya ce shi bai taɓa ganin yaƙin da riga take fita fes haka ba, mai ƙosai ta ce masa tsoho mai ran ƙarfe, kishi yake yi don ba a sa shi a tele ba, aka yi dariya. Bai sake zuwa ba. Gwaggo ita ba ta dariya, ba ta ihu. Kusa da ni take zama, hannunta a kan gwiwata, in na yi jinkirin fassara sai ta matsa, ta ce ɗiyata, me ya ce, me ya ce.

Ana cikin haka wani abokin aikin ɗanta ya zo hutu, ɗan wajen Gamu, ya biyo ta Gure takanas. Ya sami mahaifina a zaure, domin shi ne babban wan Gwaggo, ya gaya masa cewa yana wurin ranar, ya ga lokacin da ɗanmu ya faɗi, ya zauna a kansa har ya cika, amma ba su sami damar ɗauko gawa ba. Ya ce akwai maganar da mamacin ya bar masa ya kai wa uwarsa, kuma ya yi alkawari ita kaɗai zai faɗa wa. Mahaifina ya kira liman, suka tattauna, suka ce a yi masa salla, a shimfiɗa tabarmi a karɓi gaisuwa, matar ta shiga takaba. Da aka je wa Gwaggo da maganar sai ta ƙi fitowa ta ga baƙon. Ta ce shi ma na cikin tele abokinsa ya rantse ya ga gawarsa, ga shi kuwa yana raye a cikin rami ana nemansa. Ta ce a kira mata ni, ni ce na yi karatu.

Na shiga ɗakin na tarar da mahaifina a tsaye, Gwaggo a zaune bakin gado, matar ɗanta a rakuɓe bayan ƙyaure. Gwaggo ta tambaye ni ko ba ni ce na ce labarin gaskiya ne ba. Na ce haka aka rubuta. Ta ce to, mutum zai iya ganin abokinsa ya faɗi ya ɗauka ya mutu alhali bai mutu ba? A zuciyata na san amsar da ta kamata. Na san wanda ya zauna a kan mutum har ya cika ba ya ruɗewa, na kuma san abin da ake nunawa a tele ƴan wasa ne ake biya. Amma na dubi idonta, na ji tsoron a ce daga bakina ɗanta ya mutu, na kuma ce wa kaina ai tun da ban gani da idona ba ba ni da hujja. Sai na ce mata mai yiwuwa ne, akan samu irin haka, Allah ne masani. Mahaifina ya dube ni, ya sa takalmansa ya fita. Ba a shimfiɗa tabarmin ba. Baƙon ya kwana a zaurenmu, da safe ya sake aikawa, Gwaggo ta ce a gaishe shi, a ce masa in ɗanta ya dawo za su zo tare su ci tuwo. Ya tafi da saƙonsa.

Daga ranar Gwaggo ta hana kuka a gidanta. Ta sa surukarta ta yi kitso, ta sa lalle, ta ce kada mijinta ya dawo ya same ta kamar bora. Duk motar soja da ta wuce kan titi sai ta leƙa. Wata rana mun je kwari ɗibar ganye ni da surukar tata, muna tsakanin itatuwan dabino inda ba mai jin mu, ta durƙusa ta yi kukan da aka hana ta. Ta ce mini Yaya, ita ta san mijinta ya rasu, jikinta ya ba ta tun kafin baƙon ya zo, tana so ta yi masa takaba kamar kowace mace, amma ga ta da jan lalle a hannu. Ta roƙe ni in gaya wa Gwaggo cewa abin tele wasa ne, domin maganata kaɗai take ji. Na ce mata zan duba lokacin da ya dace. Kowane mako ina shirya kalmomin a hanyar lakwal, in na zauna kusa da Gwaggo ta ɗora hannu a gwiwata sai in ce bari dai sai mako mai zuwa.

Haka muka kai kashi na ƙarshe. Ranar tsakar gidanmu ba masaka tsinke, har kan katanga an hau. Sojoji suka fasa sansanin, suka fito da mutumin a rame, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi, aka nuna uwarsa tana rungume shi a filin jirgi. Mai ƙosai ta rangaɗa guɗa, maza suka tashi suna tafi, mai alkawarin masa tana cewa gobe kowa ya zo da kwanonsa. Ni ina ta fassara. Da hayaniyar ta lafa sai Gwaggo ta yi magana, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. Ta ce to ga na wannan an ɗauko, nata kuma wa ya tafi ɗaukowa? Ta juyo gare ni ta ce in nemo mata lambar wayar salular wannan kyaftin, ta roƙe shi, in kuɗin mota ne za ta sayar da awakinta.

A nan ne, a gaban jama'a, a lokacin da ya fi kowane lokaci muni, na faɗi abin da ya kamata in faɗa a cikin ɗaki tun da fari. Na ce mata ba soja ba ne, ɗan wasa ne, na taɓa ganinsa a wani wasan yana likita. Ta tambaye ni tun yaushe na san haka. Na ce tun ranar farko. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta kira surukarta, ta ce ta cire ƴan kunnenta su tafi gida.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi, aka yi salla, mutane suka zo gaisuwa. Abu na farko da Gwaggo ta nema shi ne a kira mata yaron nan na Gamu, yanzu ta shirya jin saƙon ɗanta. Mahaifina ya tura mutum ƙauyensu. Ɗan aiken ya dawo da yamma ya ce ya tarar da su ma a zaune kan tabarmi, yaron ya koma bakin aiki bayan hutunsa, kuma bai daɗe ba shi ma aka rasa shi. Bai faɗa wa kowa maganar ba, kamar yadda ya yi alkawari. Har yau babu wanda ya san abin da ɗan gwaggona ya so ya gaya wa uwarsa.

Shekaru sun wuce, na yi aure, na sami aiki. Gwaggo tana nan da ranta, idonta ya yi rauni. In na je gaishe ta tana amsawa da kyau, tana sa wa ƴaƴana albarka, amma ba ta sake tambayata komai ba, ko ranar mako ce sai ta tambayi wani. Ban sani ba ko duka laifin nawa ne, wataƙila da na faɗa ma ba za ta yarda ba, kuma ajali ba a hannuna yake ba. Amma na san an tambaye ni, na san amsa, na ɓoye a bayan taka tsantsan. Abin da na koya shi ne, wani lokaci mai yiwuwa ne ba ladabi ba ce, tsoro ne kawai aka yi wa ado.

Ina kira ga ƴan'uwana da suka yi karatu, waɗanda iyaye suke kallon bakinsu: in kuna yi wa tsofaffi tafinta a gaban tele, ku gaya musu tun farko cewa wasa ne, musamman a wannan zamani da gidaje da yawa suke da ɗa a bakin daga. In kuma mai baƙin ciki ya tambaye ku abin da kuka sani, ku zauna kusa da shi ku faɗa masa da taushi, a ranar da ya tambaya. Ku taya ni addu'a Allah ya jiƙan samarin nan biyu, ya ba Gwaggo haƙuri, ni kuma ya yafe mini.